Wace taya ta dace da babur mai bin kwalta da daji?

Yawancin mataimakan likitan dabbobi da ke aiki a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa a kan babur suke kai wa makiyaya magani da allurar rigakafi. Tafiyarsu kuwa iri biyu ce a rana guda. Mutum zai tashi daga gari ya hau kwalta, kamar hanyar da ta bi Tawa zuwa Abalak ko wadda ta tashi daga Damagaram zuwa Tanut, sannan ya saki hanya ya shiga rairayi da ƙaya har ya isa rijiyar da aka tara garke. Maganin rigakafin da ke cikin akwatin sanyi yana bukatar zama tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan taya ta fashe ko babur ya kafe a tudun yashi, ƙanƙara tana narkewa, makiyayan da suka gaji da jira su kaɗa dabbobinsu su tafi. Shi ya sa zaɓen taya ba ƙaramin al'amari ba ne.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne babu tayar da ta ƙware a kwalta da daji gaba ɗaya. Taya mai ƙananan zane tana shimfiɗa roba da yawa a kan kwalta, birki ya kama sosai, kuma tana daɗewa, amma a cikin rairayi ko taɓo sai ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Taya mai manyan haƙora masu tazara tana cizon ƙasa mai laushi, tana kuma zubar da lakar da ta maƙale mata, amma a kwalta tana ƙara, tana girgiza hannu, haƙoranta na saurin cinyewa, kuma idan an yi ruwa tana iya sulɓewa a kwana. Saboda haka ne masu sayarwa ke kwatanta tayoyi da lissafi kamar 80/20 ko 50/50: lambar farko rabon kwalta ce, ta biyu rabon daji. Wannan lissafi kiyasi ne kawai, kowane kamfani da irin ma'auninsa.

To, yaya za ku zaɓa? Ku lissafa tafiyarku ta mako, amma kada ku tsaya ga yawan kilomita. Ku duba inda kuka fi shan wuya. Mai yin kilomita 80 a kwalta da 20 a rairayi zai ga kamar tayar 80/20 ce tasa, alhali a cikin kilomita 20 ɗin nan ne yake faɗuwa, nan ne kuma babu mai faci, babu mai taimaka masa turi. Irin wannan mutum ya fi dacewa da 50/50. Wanda aikinsa ya fi yawa a arewacin Dakwaro ko wajen Cintabaraden, inda kwalta ba ta da yawa, ya nemi mai haƙora sosai. Wanda ke zagaya ƙauyukan bakin babbar hanya ta ɗaya, tsakanin Ƙonni da Maraɗi, a kan kwalta da hanyar burji, 70/30 ta ishe shi. Ku tuna kuma da damina: ƙasar fadama da ke da tauri a watan Maris takan zama taɓo a watan Agusta.

Idan kuɗi bai kai a sayi biyu masu kyau ba, kada a raina ta gaba. Ita ke riƙe da akalar babur, ita ke ɗaukar mafi yawan birki. Idan ta baya ta zame sau da yawa akan iya gyara zama, amma idan ta gaba ta zame sai ƙasa.

Bayan haka sai a karanta rubutun da ke gefen taya. A misali, Yamaha XTZ 125 na amfani da 80/90-21 a gaba da 110/80-18 a baya. A ta baya, 110 faɗin taya ne a milimita, 80 na nufin tsayin gefenta kashi 80 cikin ɗari na faɗin, 18 kuma girman ƙarfen ƙafa ne a inci. Kada a sa wadda ta fi wannan faɗi don a ga ta yi kyau, tana iya gogar sarƙa. Daga nan akwai lamba da harafi, kamar 58P. Lamba 58 na nufin tayar na ɗaukar kilo 236, harafin P kuma gudun kilomita 150 a awa. Ku haɗa nauyinku, da na akwatin sanyi, da jarkar mai, da wanda za ku goya, domin mafi yawansu a ƙafar baya suke sauka. Tayar da aka rubuta wa NHS ta filin tsere ce, ba a yi ta don titi ba. Idan akwai kibiya a gefe, a ɗaura tayar ta fuskanci inda take juyawa.

Akwai kuma shekarun taya. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT su ne ranar haihuwarta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Roba na bushewa ko ba a hau ta ba, balle a zafin bazara da ke wuce digiri 40. Tayar da ta haura shekara 5 tana son a riƙa duba ta sosai. Idan kun ga ƙananan tsage a gefenta, ko sabuwa ce a shago ko ta gwanjo, ku bar ta.

Irin waɗannan babura masu wayoyi a ƙafa galibi da tub suke aiki, wato robar ciki mai riƙe iska. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba sa jin tausayin tub mara kauri, don haka mai kauri ya fi dacewa da daji. Duk lokacin da aka sa sabuwar taya, a sa sabon tub.

Iska ita ce ke ƙarasa aikin. A auna ta da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da kamfanin babur ya rubuta. Kafin shiga rairayi mai zurfi ana iya rage ta kaɗan don taya ta ƙara shimfiɗa. Idan aka rage da yawa, dutse na iya matse tub da ƙarfen ƙafa ya yanka shi, ko taya ta zame ta fizge bakin iska. Da an dawo kwalta a mayar da iskar, domin taya mai ƙarancin iska da kaya a kanta tana yin zafi har ta lalace.

Kafin kamfen ɗin rigakafi ya fara, kowane mai babur ya duba haƙoran tayoyinsa, ya tanadi famfon hannu, da ma'aunin iska, da ƙarafan cire taya, da kayan faci, da tub na ajiya. Tub mai inci 21 na iya zama a ƙafar baya na ɗan lokaci har a isa gari, saboda haka idan guda ɗaya za a ɗauka, shi za a ɗauka.