Tayar Gaba Daban, Ta Baya Daban: Zaɓen Taya Ga Keken Hawan Dutse

Masu hawan keke a hanyoyin duwatsu da dazuzzuka sau da yawa sukan saka taya daban-daban gaba da baya, domin kowace da aikinta.

Tayar gaba ce ke shan kwana, kuma ita ke ɗaukar mafi yawan ƙarfin birki. Idan ta baya ta zame, mahayi na iya gyara zama ya ci gaba. Idan ta gaba ta zame, sai ƙasa. Shi ya sa ake zaɓar mata faɗin inci 2.4 zuwa 2.6, da manyan haƙora a gefe, da roba mai laushi wadda ke kama ƙasa.

Ita kuwa ta baya, a kanta nauyin mahayi ya fi sauka, ita ke tura keken, kuma ita ke saurin cinyewa. Tana bukatar roba mai ɗan tauri, da jiki mai kauri don jure kaifin dutse, da ƙananan haƙora a tsakiya don gudu ya yi sauƙi. Kamfanin Maxxis ya shahara da tayar Minion DHF a gaba da tayar DHR II a baya.

A duba ƙasar da za a taka. Laka na son haƙora masu tazara, busasshiyar hanya kuma masu matsuwa. Iskar da ke cikin tayar gaba ta ɗan gaza ta tayar baya. Idan kuɗi bai kai na biyu ba, a fara kyautata ta gaba, domin a kanta lafiyar mahayi ta rataya.