Kaurin Jinin Mai Ciwon Zuciya na Haihuwa Ba Aikin Wanzami Ba Ne

Kusan jariri ɗaya cikin ɗari ake haifa da tawaya a zuciya, kuma a karkararmu wasu kan kai shekarun aure ba a yi musu aiki ba. A cikinsu akwai waɗanda wata kafa a bangon zuciya ke gauraya jinin da ya ratsa huhu da wanda bai ratsa ba, kamar cutar da likitan Faransa, Fallot, ya bayyana a 1888. Leɓe da farce kan yi duhu, kan yatsu ya kumbura, ɗan aiki kaɗan sai haki. Da ƙoda ta ji iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai ta sa ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini, jinin ya yi kauri.

Daga Roni zuwa Gwiwa, saurayin da ke fama da ciwon kai, jiri da jan ido, sau da yawa cewa ake jini ya yi masa yawa, a nemo wanzami. Ga mai wannan ciwon zuciya kuwa, kaurin nan dabarar jiki ce ta neman iska. Yawan zubar da jinin yana ƙarar da sinadarin ayon, ƙarancinsa kuma na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Abin mamaki, duk kaurinsa, jinin nan ba ya saurin tsayawa in an yi tsaga.

Wani zai ce ƙaho sunna ne, kuma asibiti ma ana ɗibar jini. Haka ne, amma likita sai ya auna: sai jajayen ƙwayoyin sun haura kashi 65 cikin ɗari na jinin, alamu sun tsananta, an kuma tabbatar ba ƙishirwa ce sila ba, sannan ya ɗiba yana mayar da gurbin da ƙarin ruwa. Wanzami ba shi da wannan ma'auni. Sau da dama ma zafin Afrilu, gudawa ko azumi ne suka busar da jiki, ruwa ake bukata. Shari'a kuwa ta yi wa maras lafiya rangwame a kan azumi. A guji asfirin da diklofenak na kemis ba da izinin likita ba, don suna jawo zubar jini.

Awon jini ana iya farawa a babban asibitin Kazaure ko na Babura, hoton zuciya kuma a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tarin jini, karkacewar baki, ko zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, kada a bari su kwana a gida.