Katin bai lalace ba, layi ya rasa: rikicin na'urori a tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka

A ofisoshi da yawa akwai wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ba wanda ke son taɓawa, kuma ba wanda ke da ƙarfin halin zubar da ita. Dalili shi ne ita kaɗai ke iya magana da wata na'ura mai tsada: ma'aunin ɗakin gwaje-gwaje, ko na'urar karanta katin shaida, ko wani injin da kamfaninsa ya daɗe da daina sabunta manhajarsa. Abin da ke haɗa su kuwa ɗan kati ne da ake zurawa a kafar da ke gefen kwamfutar. Ranar da aka zura katin ya ƙi motsi, sai a rubuta takarda cewa ya lalace. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, layin da zai yi magana ne ya tarar wani ya riga shi.

Sunan katin PC Card, amma an fi saninsa da PCMCIA, wato sunan ƙungiyar kamfanonin da aka kafa a 1989 domin tsara shi. Faɗinsa da tsawonsa daidai da katin cirar kuɗi ne, yana da ƙananan ramuka 68 a bakinsa. Da shi ake ƙara wa kwamfuta modem, ko kafar wayar sadarwa, ko intanet marar waya, a zamanin da ba a ƙera su da waɗannan ba.

Mai aiki da babban jami'i zai fahimci matsalar cikin sauƙi. A ɗauka ƙwaƙwalwar kwamfuta babban sakatare ne, kowace na'ura kuma tana da layin kiransa na cikin gida. Wannan layi shi ake kira IRQ. Kwamfutar IBM ta 1981 layuka 8 gare ta, samfurin AT na 1984 ya kai su 16, amma ɗaya ya tafi wajen haɗa kashi biyun. Sauran ma yawancinsu da masu su tun daga masana'anta: 0 na ma'aunin lokaci, 1 na allon rubutu, 3 da 4 na kafofin COM, 6 na faifan fulofi, 7 na firinta, 12 na linzami, 14 da 15 na manyan faifai. Abin da kan rage bai wuce 5, 9, 10 da 11 ba, kuma na'urar sauti ta saba kama 5. To idan kati ya shigo ya nemi layi ya rasa, ko aka ba shi wanda wani ke kai, ɗayansu zai yi shiru, wani lokacin kwamfutar gaba ɗaya ta sandare.

A nan ne sanin irin katin ke da amfani. Tsohon samfuri mai bit 16 ba ya son tarayya, sai an ware masa layinsa shi kaɗai. Samfurin CardBus mai bit 32, wanda ya fito a 1995, yana iya raba layi da wasu ba tare da faɗa ba. Ana gane shi da ido: akwai ɗan ƙarfe mai launin zinare a saman bakinsa. Saboda haka ganin na'urori uku a kan layi na 11 ba lallai ne ya zama matsala ba, kuma ma'aikata da yawa sun ɓata rana guda suna gyaran abin da bai ɓaci ba.

Windows 95 ta zo da alƙawarin cewa kwamfuta za ta riƙa raba layukan da kanta, tsarin da aka sa wa suna Plug and Play. Yadda yake cin amana a farkon zamaninsa ya sa masu gyara suka riƙa yi masa ba'a cewa sai dai ka zura ka yi addu'a.

Wurin fara bincike shi ne Device Manager. Idan akwai alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a jikin sunan katin, a buɗe a karanta lambar. Code 12 na nufin katin bai sami isasshen wuri ba, wato rikicin da muke magana. Code 10 kuwa cewa take na'urar ta kasa tashi, kuma galibi laifin direba ne, wato manhajar da ke tafiyar da katin, don haka sauya layi ba zai warkar da ita ba.

Idan Code 12 ce, maganin da ya fi sauƙi shi ne a kori wanda ke zaune a layi ba ya aiki. A sake kunna kwamfutar, a shiga saitin BIOS, wanda a ThinkPad ake shiga da F1, a Dell kuma da F2, a kashe kafar infrared ko ta COM ko ta firinta idan ba a amfani da su. Wannan kaɗai kan saki layi na 3, 4 ko 7. Amma a rubuta yadda aka tarar da kowane saiti a takarda kafin a canza, kada kuma a kusanci na faifai. Idan hakan bai wadatar ba, a Windows 98 ana iya cire zaɓin rabo na kai-tsaye a shafin Resources a ba katin layi da hannu. A XP sau da yawa za a iske zaɓin a kulle, domin tsarin ACPI ne ke riƙe da rabon.

Na fi ganin hikimar kwashe bayanan da ke cikin irin wannan kwamfuta zuwa wani wuri tun kafin a fara komai, kuma a yi aikin tare da jami'in sashen fasahar sadarwa, domin kayan gwamnati ne da wani ya sa hannu a kansu.

ExpressCard ta gaji PC Card a 2003, sannan USB da Thunderbolt suka rufe babin. Sababbin kwamfutoci suna aika kira ta saƙo, ba ta layuka 16 ba. Duk da haka Code 12 ba ta mutu ba: masu haɗa babban katin hoto daga waje ta kafar Thunderbolt suna cin karo da ita har yanzu, sai dai yau ba layi ake rasawa ba, filin adireshi ne a ma'adanar kwamfuta, kuma abin da ake fara gwadawa shi ne sabunta BIOS.