Hoton Asibiti da Cututtukan Maƙogwaro a Jikin Kare da Kyanwa

Tun daga shekarar 1895, sa'ad da wani masani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken nan mai ratsa nama wanda ido ba ya gani, likitocin dabbobi suka sami hanyar duba abin da fata ta lulluɓe ba tare da sun sa wuƙa ba. Asalin hikimar kuwa ita ce, ƙashi yakan fito fari a hoton, nama toka-toka, iska baƙa. Da yake maƙogwaro cike yake da iska, sai ya bayyana sarai tun daga wuya har cikin ƙirji.

Galibi akan kwantar da dabbar a gefenta, a miƙe mata wuya, domin idan wuyan ya lanƙwashe, hoton yakan nuna illar da babu ita. A wajen ƙananan karnuka, waɗanda guringuntsin maƙogwaronsu kan yi laushi har hanyar iska ta shafe, wajibi ne a ɗauki hoto biyu, saboda sashen wuya yana ƙuntata lokacin shaƙar numfashi, na cikin ƙirji kuma lokacin fitar da shi. A kyanwa kuwa, an fi neman tsiro ko ƙari. Ƙashin da ya maƙale yakan fito a fili, amma tsinke ko itace sau da yawa sukan ɓuya.

Sai dai hoto yana da iyaka: shanyewar mashigar maƙogwaro ba ta tabbata sai an leƙa da ido. Dabbar da numfashi ya tsananta mata kuwa, a fara ba ta iska kafin a yi zancen hoto.