Nas ɗin Maamobi da baƙin gyambo

A watan Yuni na 2023, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, cutar antiraks ta ɓulla a yankin Upper East da ke arewacin Gana, ta kashe dabbobi da mutum ɗaya a gundumar Binduri, har hukuma ta hana zirga-zirgar dabbobi da yanka su a yankin. Mu a unguwannin Nima da Maamobi, da raguna da shanun layyarmu yawanci daga arewa suke gangarowa, maganar ba ta yi mana nisa ba.

Wannan ƙwayar cutar ce aka zuba cikin wasiƙu a Amurka a 2001, ta kashe mutum 5, ta kwantar da 17. Biyu daga cikin mamatan ma'aikatan gidan waya ne a Washinton, kuma an sallami ɗayansu daga asibiti tun farko, an ɗauka ciwon ba wani abin tashin hankali ba ne. Wanda ya shaƙi ƙwayar da zazzaɓi da kasala yake fara zuwa, kamar kowa. To a unguwar da duk zazzaɓi sunansa maleriya, wa zai tsaya ya yi tunanin wani abu daban?

Ko ta numfashi cutar ta shiga ko ta fata, nas ce za ta fara ganin mai ita, tun kafin likita. Mahauci ya zauna a benci, ya miƙa hannu, ga gyambo mai baƙar tsakiya kamar gawayi, gefensa ya kumbura. Ta ce, "Baba, yana ciwo?" Ya ce a'a, ƙaiƙayi ne kawai. Wannan rashin ciwon shi ne alamar. In ta san haka, za ta tambayi sana'arsa, da inda dabbar ta fito, da waɗanda suka ci naman, sannan ta sanar da jami'in kula da yaɗuwar cututtuka na gunduma a ranar. In ba ta sani ba, sai ta wanke, ta ɗaure, ta kira na gaba.

A ganina, a nan duk shirin tunkarar ta'addanci da ƙwayoyin cuta yake farawa. Ƙwayar da mugu ya sake da wadda saniya ta kawo, ta ƙofa ɗaya suke shiga asibitin Maamobi. Gana ba ta rasa manyan wurare ba: cibiyar Noguchi da ke Legon ce ta gano cutar Marburg a 2022, an kuma buɗe asibitin cututtuka masu yaɗuwa mai gado 100 a Ga East a 2020. Amma Noguchi tana gwada abin da aka aika mata ne kawai.

Ga kuma tsoro, wanda ba a cika faɗa ba. Nas ɗin da ta yi aiki a kwalarar 2014, lokacin da sama da mutum 28,000 suka kamu a ƙasar, ta san yadda safar hannu ke ƙarewa kafin layi ya ƙare. Tana da 'ya'ya a gida, ɗaki ɗaya suke kwana. Kafin a tambaye ta ko za ta fito aiki ranar da aka ce an saki cuta, gara a buɗe kabad ɗin ɗakin aikinta a ƙirga takunkumi nawa ne a ciki.