Ziyarar Bishara ta Gajeren Lokaci a Ƙauyukan Arewacin Kano: Asalinta, Tsarinta da Abin da Take Bari a Baya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani kan ziyarce-ziyarcen da ƙungiyoyin Kirista kan kai ƙauyukan arewacin Jihar Kano na 'yan kwanaki domin wa'azi da ba da magani. An bi asalin al'adar tun zamanin mulkin mallaka, aka duba yadda tsarin zama da kalandar noma da ladubban baƙunci suke tasiri a kanta. Maƙalar ta nuna cewa nauyin abin da ziyarar ta haifar, alheri ne ko akasinsa, yakan faɗa ne a kan mazauna ƙauyen bayan baƙi sun tafi.

1.0 Gabatarwa

Yankin da ya ƙunshi Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta yana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Binciken da Michael Mortimore ya yi a shekarun 1960 ya nuna ƙasa ce da ake nomawa kowace shekara ba hutu, ana raya ta da taki, gidaje kuma a warwatse cikin gonaki. Mafi rinjayen mazaunanta Musulmi ne, sai tsirarun Hausawa Kirista da ragowar gidajen Maguzawa. Saboda haka idan mai bishara ya kira irin wannan ƙauye lungu, ba nisan tafiya yake nufi ba, domin wasu ƙauyukan ba su kai tafiyar awa guda daga birni ba. Nisan da ke akwai na asibiti ne da makaranta, da kuma na fahimta tsakanin baƙo da mai gida.

2.0 Asalin Al'adar

Gajeriyar ziyara ta riga zaunanniyar mishan isowa ƙasar Kano. A shekarar 1900 ayarin mishan ta CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell, tare da Likita Walter Miller, ya shiga birnin Kano, amma Sarki Alu bai ba su izinin zama ba, suka juya bayan 'yan kwanaki. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. A aikace, wannan ya taƙaita shigar mishan cikin masarautu na tsawon shekaru.

Ƙofa ta buɗe ne ta hanyar magani. A shekarun 1930 aka damƙa wa mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, kula da sansanonin masu cutar kuturta: Yadakunya kusa da Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, kuma an kafa makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa. Daga irin waɗannan cibiyoyi ne ake fita zagayen ƙauyuka a yini ko a kwana biyu, a komo. Kamar yadda Shobana Shankar (2014) ta nuna, yawancin masu wannan zagaye 'yan ƙasa ne, wasunsu ma tsofaffin majinyata, ɗauke da magani da fassarar Hausa ta Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932.

Bayan kafa cocin ECWA a 1954, da karɓe makarantu da asibitocin mishan da gwamnatoci suka yi a shekarun 1970, aikin ya koma hannun 'yan Nijeriya. Shirin yi wa ƙasa hidima da aka fara a 1973 ya kawo matasa Kirista daga kudu zuwa Arewa. Daga cikinsu ne ƙungiyar CAPRO ta fito a Zariya a 1975, kuma ƙungiyar Kirista masu yi wa ƙasa hidima, wato NCCF, ta mayar da fita ƙauyuka na 'yan kwanaki wani sashe na ayyukanta. Wannan ya zo daidai da yaɗuwar salon a duniya, wanda ƙungiyoyi irin su OM (1957) da YWAM (1960) suka yayata tsakanin matasan Turai da Amurka.

3.0 Yadda Ziyarar Take Gudana

Ayarin kan ƙunshi ɗalibai ko matasan wata majami'a ta birni, wani lokaci da ma'aikatan jinya. Sukan sauka a harabar coci ko makaranta. Da rana a duba marasa lafiya, a raba magani da tufafi, a bi gida-gida. Da dare a yi waƙoƙi da wa'azi, a nuna majigi. Abubuwa uku na yankin kan sauya sakamakon wannan tsari.

Na farko, kalandar noma. Daga watan Yuni zuwa Satumba jama'a na gona, hanyoyi kuma sun lalace. Da kaka ana girbin gero da dawa da roron gyaɗa. Don haka akasarin ziyarar kan faɗo da rani, lokacin da matasa da magidanta da yawa suka tafi cin rani, ko suna noman rani a kusa da madatsun ruwa irin su Watari da Tomas. Waɗanda ayarin zai tarar su ne mata da yara da tsofaffi, wato waɗanda ba su ne ke yanke hukunci a gida ba. Duk shawarar da suka ɗauka sai ta jira dawowar mai gida.

Na biyu, tsarin gandu. Inda ake noma tare a ƙarƙashin uba ko babban wa, gona da rumbu da aure duk a ɗaure suke da gidan. Sauya addini a irin wannan yanayi yana taɓa gado da abinci da wanda zai ba mutum 'ya. Murray Last ya nuna yadda tattalin arziki yake shiga cikin musuluntar Maguzawa, kuma wannan hujja tana aiki a kowace fuska aka juya.

Na uku, tsarin sarauta. Baƙo ba ya sauka a ƙauye sai da sanin mai unguwa ko dagaci. Ayarin da ya tsallake wannan mataki yakan jawo zargi tun kafin ya buɗe baki.

4.0 Harshe da Ladubban Baƙunci

Nan ne lamarin ya fi shafar mai nazarin Hausa. Kalmomin da Hausar coci take amfani da su, kamar Allah da annabi da mala'ika da addu'a da tuba da aljanna, daga Larabci suka shigo ta hanyar Musulunci. Mai wa'azi da mai sauraro na iya furta kalma ɗaya, kowa da ma'anarsa. Har sunan Almasihu ma an daɗe ana muhawara tsakanin Yesu da Isa, muhawarar da Barbara Cooper (2006) ta tattauna dangane da Kiristocin Maraɗi. Baƙon da ya dogara da tafinta ba ya jin wannan bambanci.

Haka nan kunya da kara sukan hana Bahaushe musa wa baƙonsa a fili. Idan ya ce "to" ko "madalla", sau da yawa yana nufin ya ji, ba wai ya amince ba. Wanda aka ba magani kyauta da safe kuma zai ji nauyin ƙin halartar taro da dare. Saboda haka alƙaluman waɗanda suka ɗaga hannu a wurin taro, da akan rubuta a rahoton ayari, ba ma'auni ne da manazarci zai dogara da shi ba.

5.0 Abin da Ake Bari a Baya

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Amfanin ziyarar a bayyane yake: an duba wanda bai taɓa ganin likita ba, ƙaramar majami'ar ƙauye ta ji ba a manta da ita ba, matashin birni ya ga rayuwar karkara da idonsa. Amma maganin hawan jini ko ciwon sukari na mako biyu ba ya warkar da ciwon da ke bukatar kulawa ta shekaru. Irin wannan suka ta fito daga cikin Kiristoci kansu, musamman a Amurka.

Mafi nauyi shi ne batun zaman lafiya. Kano ta ga rikicin Oktoban 1991 da ya ɓarke kan taron wa'azin Bajamushe Reinhard Bonnke, kuma tun 2000 jihar take aiki da shari'ar Musulunci, yayin da sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da 'yancin addini da yaɗa shi. A tsakanin waɗannan ne Bahaushe Kirista na ƙauye yake zaune, yana cin kasuwa ɗaya, yana shan rijiya ɗaya da maƙwabcinsa Musulmi. Kalma guda ta ɓatanci daga bakin baƙon da zai hau mota gobe na iya rushe amanar da aka shekara ana ginawa, kuma ba baƙon ne zai biya ba.

6.0 Kammalawa

Gajeriyar ziyarar bishara a arewacin Kano ta samo asali daga takunkumin zamanin mulkin mallaka, ta bunƙasa ta hanyar magani, sannan matasan Nijeriya suka gaje ta. Tasirinta ya rataya ne a kan lokacin zuwa, da izinin masu gari, da ƙwarewa a harshe, da kuma ko akwai ɗan gari da zai ci gaba da aikin. Yawancin abin da aka adana game da ita daga alƙalamin masu zuwa ya fito. Aikin da ke gaban masu nazarin Hausa shi ne tattara bayanin waɗanda ake zuwa wa, Musulmi da Kirista da Maguzawa, a cikin Hausarsu, tun dattawan da suka ga zamanin Yadakunya da Tofa na farko suna raye.