Gure: me ke sa tayoyin gaba cinyewa gefe guda?

Direbobin da ke bin hanya mai lamba 1, daga Damagaram zuwa Gure da Difa, sun san matsalar: taya sabuwa, amma gefe guda ya cinye. Yawanci faɗawa ramuka ke ɓata saitin ƙafafun gaba, wanda makanikai ke kira faralelisim. Alamarsa, mota na ja gefe, sitiyari ya karkace. In rotil ta saki, sai an sauya ta kafin saiti, in ba haka ba kuɗi sun tafi a banza. Cinyewar gefe biyu kuwa ƙarancin iska ne, musamman ga masu sace iska cikin rairayi, su hau gudron ba su ƙara ba. Irin wannan taya kan fashe lokacin zafi, mota cike da fasinjoji.